Wane irin diskman ya kamata in saya wa Baba don sauraren tafsiri?

ɗan_Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar kayan sauti musamman ƴan da. Mahaifinmu ne, Allah ya ƙara masa lafiya, yana da faya-fayan sidi kwali biyu cur na tafsiri da karatun Alƙur'ani da na wa'azi, wasu tun lokacin da ake baza su a bakin masallacin Juma'a ya saya, wasu kuma yayanmu ne ya buga masa a kwamfuta. Da a babbar rediyon falo yake sakawa, to yanzu ƙafa ta matsa masa kullum yana ɗaki ko zaure kan darduma, ita kuma rediyon sai da wuta, ga shi ma bakinta ya daina fitowa sai an yi ta dungurinsa. Na saya masa waya na zuba masa komai a memori, wallahi kwana uku ya kira ni yace zo ka ɗauki kayanka, shi ba zai iya da abin da ba ya jin maɓallinsa a yatsa ba kuma idonsa ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Shi faifansa ya sani, duk ya yi musu alama da maka ja da baƙa, ko cikin duhu ka ce ya ɗauko maka na Suratu Yusuf zai ɗauko.

Shi ne na tuno da diskman ɗin nan, ɗan injin sidi na hannu mai batir da muke ratayawa muna samari. Tambayata ita ce, sabo na China zan nema ko tsoho ɗan Kwatano, kuma shin kowanne zai karanta faifan da aka buga a kwamfuta, ya batun batir, sannan a ina ma zan samu a Kano yanzu don na leƙa Farm Centre yaran wajen ko sunan ba su sani ba, wani ma cewa ya yi wai ko difidi nake nufi. Na gode.

mai_gyara_Sabongari ya amsa:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya ya saka maka da alheri. Ni gyaran rediyo da sidi na taso a ciki kafin waya ta kore mu, bari in faɗa maka abin da na sani.

Kar ka fara da zuwa kasuwa, ka fara da kwalayen nan biyu. Abin da mutanenmu ke kira sidi kala uku ne kuma a ido duk iri ɗaya suke. Akwai sidin sauti na asali, wannan ba ya wuce minti 74 ko 80 duk tsawonsa, kowane diskman zai karanta shi. Akwai faifan MP3, shi faifan iri ɗaya ne mai cin MB 700 amma an matse sautin, in an yi shi a ma'aunin matsi na 128 kbps kusan minti ɗaya MB ɗaya ne ka ga kenan awa 11 zuwa 12 zai ɗauka, in kuwa magana ce zalla aka matse ta a 64 sai ya kai wajen awa 24 a faifai guda. Wannan sai diskman ɗin da aka rubuta MP3 a murfinsa, in ka sa a wanda ba shi da shi ko dai yace babu faifai ko ka ga lamba tana tafiya shiru ba sauti. Na ukun shi ne bisidi, wato na kallo, kuma wallahi da yawa daga tafsirin da aka riƙa saidawa a garin nan lokacin da kaset ya fara ja baya bisidi ne saboda mutane na so su ga malam da mai jan baƙi a talabijin. Diskman na sauti ba ya karanta bisidi sam, kar wani ya ruɗe ka a kasuwa.

Yadda za ka gane, ka sa a kwamfuta mai wajen faifai. In ka ga Track01 da Track02 kawai to na asali ne, in ka ga fayil masu ƙarewa da mp3 shi kenan, in kuma ka ga folda mai suna MPEGAV da fayil mai DAT a ciki to bisidi ne. Ko ma ba kwamfuta, ka tambayi Baba, faifan da zai ce maka tafsirin kwana goma ne a ciki to MP3 ne.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ne ma gaba da komai tunda tafsiri ne ba waƙa ba, ka nemi mai ci gaba daga inda aka tsaya, za ka ga an rubuta RESUME ko a jikin wani ɗan makunni na gefe ko a cikin saiti. Waƙa minti biyar ce in ta koma farko ba komai, amma zaman tafsiri ɗaya awa guda ne ko fiye, Baba ya kai minti 40 aka kira la'asar ya kashe, ya dawo abu ya koma bismillah, sai ya danne maɓallin gaba da yatsa yana jira, dattijo ba zai jure wannan ba sau biyu zai ajiye maka shi kusa da wayar nan. Kuma ka gwada da kanka, wasu suna tuna lambar karatun ne kawai ba su tuna mintin, wasu kuma da ka buɗe murfi ko ka cire batir sun manta.

Batir kuma, ka guji siraran nan masu kyan gani, waɗanda aka yi su kamar faranti. Batirinsu wani siririn falle ne kamar cingam, yanzu ko ka zagaye Sabon Gari da titin Beirut da ƙyar ka samu, in ka samu ma ya mutu a ajiye. Ka nemi mai ƙiba mai cin batir AA guda biyu irin na tocila ƙarama, ko mai shagon layinku yana da shi, in ka samu masu caji guda huɗu da cajarsu ka huta, biyu na ciki biyu na caji.

Abba_Hotoro ya amsa:

Haba malam a wannan zamanin waye yake sidi dan Allah, ka sai masa yar rediyon nan mai memori da ake saidawa a ko ina har a danja, tana da sifika tana da tocila tana kama tashoshi ana cajinta da sola, ka zuba masa tafsirin duniya a ciki. Diskman din da zaka samu yanzu duk ya haura shekara ashirin yau lafiya gobe wajen mai gyara, kudinka kawai zaka zubar gaskiya

ɗan_Gwammaja ya amsa:

Abba na gode amma an gwada wannan ɗin ma, ƙanwata ta kawo masa. Matsalar ita ce karatu ɗari uku a ƙwaya ɗaya ba ya sanin inda yake, ya danna ya danna ya faɗa wata sura daban, sai ya jira jikoki su dawo daga islamiyya su nemo masa. Shi kuma mutum ne da ba ya son a yi masa abu, so yake ya miƙa hannu ya ɗauko abinsa. Injiniya Allah ya saka, wallahi ban taɓa kawo batun bisidin nan a raina ba kuma yanzu da ka faɗa na tuna wasu da hoton malam a bayan kwalinsu, yau da daddare zan zauna in ware su.

Tsohon_ɗan_Fagge ya amsa:

Kai wannan magana ta tuno min da nisa. Ni ƙarin da zan yi kan abin da injiniya ya faɗa shi ne batun tsalle, don duk wanda ya riƙe diskman na farko-farko ya san ciwon. Shi faifan sidi ba allura ke taɓa shi ba kamar garmaho, wani ɗan ido ne ke haska shi da leza daga ƙasa yana bin layi siriri da ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, daga tsakiya yake farawa ya yi waje, faifan kuma yana juyawa wajen sau 500 a minti a farko ya sauko wajen 200 in ya kusa baki. To ka ga ko ɗan girgiza aka yi idon ya kauce. Na farko da Sony suka fitar a 1984, D-50, shekara biyu kenan bayan fitowar sidin kansa a 1982, wannan sunan na hannu kawai gare shi amma na ajiyewa kan tebur ne. Sai daga baya aka sa musu ɗan memori a ciki, injin ya riƙa karanta faifan da sauri yana tara sauti a gaba, kai kuma abin da aka tara kake ji, in an girgiza kafin tarin ya ƙare idon ya koma layinsa ba ka ma sani ba. Aka fara da sakan 3, aka zo 10, aka kai 40 da 45. Sony suna rubuta ESP daga baya G-PROTECTION, wasu kamfanonin su rubuta ANTI-SKIP ko ANTI-SHOCK, duk abu ɗaya ne.

Ni nawa mai sakan 10 ne lokacin, in na hau acaɓa daga Fagge zuwa tsohuwar jami'a, wannan tun kafin a hana acaɓa a 2013, sai in rungume shi a ƙirji kamar jariri amma da an faɗa rami biyu a jere sai ya fara in'ina. Na san Baba ba acaɓa zai hau ba amma ka nemi mai shi ɗin dai, jika zai yi tuntuɓe da shi, shi kansa zai jawo shi da waya, kuma mai 40 ko 45 alama ce ta cewa injin na baya-baya ne ba na farkon fitowa ba, ka ga idonsa bai kai sauran tsufa ba.

Amma fa ni har gobe abin da na fi ƙauna minidis ne, Allah ya jiƙan zamani. Sony ne suka kawo shi a 1992, ɗan faifai ƙarami a cikin gidan roba mai ƙofa kamar fulofi, yatsa ba ya taɓa shi ƙura ba ta shiga, ka jefa aljihu da makullai ba abin da zai same shi, ga shi kana ɗaukar murya da shi ka goge ka sake. Wani abokina da ke aiki a gidan rediyo da shi yake zuwa ɗaukar rahoto. Da suka kawo tsarin matse sauti na LP4 a 2000 faifai mai minti 80 sai ya ɗauki minti 320. In da a ce shi ya karɓu a ƙasar nan da ya fi dacewa da ƙurarmu, to tsada ta hana, sidin da ba komai a kai kuma ya zo ya yi arha kamar banza kowane mai shagon kwamfuta yana bugawa. Sun daina yin injinan tun 2013, faifan ma sun tsayar a 2025. Kar ka saya fa ɗan'uwa, ba zai ci faifan Baba ba, labari ne kawai ya ja ni.

Maman_ƴan_biyu ta amsa:

Salamu alaikum. Yaya ni na saya wa Hajiyarmu sabon na China bara ta intanet shi ya sa nace bari in sa baki, don duk maza sun tafi tarihi. Gaskiya yana da abubuwan da tsofaffin ba su da shi, yana da sifika a jikinsa ba sai da iyafis ba, batirinsa a ciki yake da cajar waya ake cajinsa ko fawa bank, yana cin MP3 yana cin filas har bulutut gare shi. Amma abin da ya ba mu wahala maɓallan ne, guda bakwai a jere duk girmansu ɗaya duk baƙaƙe a kan baƙi, alamar ma ba fenti aka yi ba ɗan zane ne kawai, ni mai ido ma sai na karkata shi wajen haske. Kuma akwai wani maɓalli na canja yanayi daf da na kunnawa, da Hajiya ta kuskure ta taɓa shi sai wata mata ta yi magana da turanci abin ya bar faifan ya tafi neman bulutut, sai ta ƙwala min kira wai aljanar nan ta dawo. Ƙarshe jan farce na samu na ɗiga a kan na kunnawa ya bushe na ƙara ɗigawa har ya yi tudu yadda za ta ji a yatsa, wancan kuma na manne shi da salatif.

Ci gaba daga inda aka tsaya ɗin da injiniya ya faɗa, namu yana yi in ka tsayar na ɗan lokaci amma in ya kashe kansa ya manta, kuma da kansa yake mutuwa in an bar shi minti kaɗan. Sannan murfin ka duba da kyau, namu sai ka sa farce ka ɓanɓare, tsofaffin kuwa na ga ɗan abu ne kake turawa gefe ya buɗe da kansa. Shi ma cire faifan daga kan ƙusar tsakiyar sai an koya musu, a danna tsakiya da babban yatsa a ɗago baki, Hajiya da fizga take yi har ta tsaga guda ɗaya. In Baba hannunsa yana rawa ka lura da wannan sosai.

mai_gyara_Sabongari ya sake amsawa:

Hajiya kin faɗi gaskiya, tsofaffin nan duk tsufansu an yi su ne don wanda zai danna abu a aljihu ba tare da ya duba ba, shi ya sa za ka ga na kunnawa ya fi sauran girma, wasu Sony ma har ɗan ƙurji suke sawa a kansa da kan na ƙara murya. Akwai kuma makunnin HOLD mai kulle maɓallai, ka nuna wa Baba shi tun ranar farko don rabin waɗanda ake kawo min wai sun mutu wallahi HOLD ne a kunne, in tura shi in miƙa wa mutum kayansa yana jin kunya. Haka AVLS a na Sony, shi hana murya ƙaruwa yake don kare kunne, in dattijo yace ba ya ji sosai ka duba ko shi ne a kunne. MEGA BASS da su XBS da DBB kuwa ka kashe, na kiɗa ne, murya ce kawai za ta yi kauri kamar malam yana magana a cikin randa.

Wajen saye ka zagaya layin masu kayan wuta na hannu a Sabon Gari da wajen France Road, ka leƙa Kofar Wambai ma, ba a baje suke ba sai ka tambaya a tono maka daga ƙasan kwali. Ka tafi da batirinka sabo da iyafis da faifai uku na Baba, ɗaya na asali, ɗaya MP3, ɗaya wanda ya fi kowanne shan wahala. Ka fara buɗe gidan batir, in ka ga farin gari ko kore a jikin ƙarfen to batir ya taɓa fashewa a ciki, in kaɗan ne ana kankarewa in ya ci ƙarfen ka bar shi. Ka sa faifai ka ƙirga, lafiyayye cikin sakan kaɗan zai nuna yawan karatun, mai raunin ido za ka ji yana cik cik cik yana juyawa yana tsayawa. Ka tsallaka zuwa karatu na ƙarshe don can bakin faifan ne gajiyayyen inji yake tonuwa, kar ka yarda da na farko kawai. Kuma faifan da aka buga a kwamfuta ya fi na kamfani wahalar karantuwa saboda bai kai shi maido da haske ba, mai gogewa a sake wato CD-RW ya fi muni, in ba a rubuta CD-R/RW a jikin injin ba kar ka sa rai.

Sai adafta, nan ne ake kashe su. Yawancinsu 4.5V ne wasu 3V, a rubuce yake a gefen ramin tare da ɗan zanen da ke nuna ina ne fulos ina ne mainos, kar yaro ya ga bakin ya shiga ya soka masa ta dikoda mai 12V, ko sakan ɗaya ba zai yi ba. Hunturu kuma ka sa masa jaka ko ko safa ce, idon in ya yi ƙura auduga ta kunne da ɗigon sipirit a shafa a hankali kar a danna don a kan ƴan siraran wayoyi yake lilo. Faifan a goge shi daga tsakiya zuwa baki a miƙe ba zagaye ba, kuma abin da mutane ba su sani ba bayan faifan wajen rubutu ya fi cikin haɗari, sautin yana daf da wajen ne, in ya kwarzane ta nan ya tafi kenan, kar a rubuta da biro. Waɗanda yayanku ya buga ka kwafe su a kwamfuta tun yanzu, irinsu zafi da rana na cinye su ko ba a taɓa ba, in ka ga gefen ya fara canja kala ko yana ɓarewa to ya kusa.

ɗan_Gwammaja ya amsa:

Jama'a Allah ya saka da alheri, ga yadda aka yi. Na ware su, 61 ne gaba ɗaya, 23 na asali, 14 MP3, sauran duk bisidi, injiniya kamar ka leƙa kwalin. Jiya asabar na shiga Sabon Gari tun ƙarfe goma sai bayan azahar na fito, na gwada guda biyar, biyu ko motsi ba su yi ba, ɗaya ya karanta na farko ya kasa na ƙarshe daidai yadda ka ce har mai shagon yana ce min wai faifaina ne. Na ƙarshe na samu Panasonic mai ƙiba mai MP3 da batir AA, murfin ya sha karce amma ya cinye duka ukun kuma na kashe a minti 17 na kunna ya tashi a minti 17. Hajiya na saci dabararki, matata ta ɗiga masa jan farce, Baba yace wannan kuma na mene ne nace alama ce yace to.

Saura abu biyu. Bisidin nan 24 ya zan yi da su, akwai yadda za a ciro muryar kawai a mai da ita faifan da zai ci? Sannan Baba yace iyafis ɗin yana hana shi jin kiran sallah da sallamar baƙi, jiya har liman ya tayar bai sani ba, ransa ya ɓaci sosai.

mai_gyara_Sabongari ya amsa:

Duka biyun masu sauƙi ne. Fayil ɗin DAT ɗin nan ka kwafe shi a kwamfuta, manhajar VLC ma za ta mai da maka shi MP3, sai ka buga a sabon faifai da gudu kaɗan kamar 8x ko 16x kar ka sa na ƙarshe, kuma ka rufe faifan a manhajar bugawar, wato finalize, in ka gama bugawa. Sunayen ka sa musu lamba a gaba 01, 02, 03 ba 1, 2, 3 ba in ba haka ba zai jera maka 1 sai 10 sai 11 kafin 2, kuma kar ka rubuta sunan da larabci sikirin ɗin shirme zai nuna. Ni da ni ne ba zan cusa su duka a faifai biyu ba ko da za su shiga, kowane bisidi ka yi masa nasa faifan ka ba shi maka ya yi alamarsa irin ta tsohon.

Sifika kuma ka samu ƴar ƙarama mai caji wadda ke da ramin AUX, ka haɗa da waya mai kai biyu irin bakin iyafis. In injin yana da rami na biyu da aka rubuta LINE OUT ka sa a nan sai ya riƙa ƙara murya daga jikin sifikar, in babu ka sa a na iyafis ɗin ka bar muryar diskman ɗin a wajen rabi. Wayar ka sayo guda biyu don ba sa daɗewa.